Mai Yawan Maki Ya Tafi da Faranti

Duk wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo a Zoza ko Rogo ya san mutumin nan da za a lallasa ƙungiyarsa, ya fito yana kumfar baki: "Ai mu muka fi riƙe ƙwallo!" A gaya masa ya kwantar da hankalinsa, yana da babban yaya a wasan tanis.

Ranar 14 ga Yuli 2019, a wasan ƙarshe na gasar Wimbledon a Landan, Roger Federer ya ci maki 218, Novak Djokovic ya ci 204. Bayan kusan awa biyar ana gumurzu, aka miƙa wa Djokovic kofi, Federer kuwa aka lallashe shi da farantin azurfa.

Ba maguɗi aka yi ba, ƙa'idar ke nan. A tanis zagaye ake ƙirgawa, kuma da an rufe zagaye, rarar makinsa ta mutu. Zagayen da Federer ya cinye 6-1 cikin sauƙi, ɗaya ne tal a lissafi, daidai da wanda Djokovic ya ƙwata da jiɓin goshi 7-6. Irin wannan ƙwacen Djokovic ya yi har sau uku, na ƙarshen 13-12. Sau biyu ya rage wa Federer maki ɗaya ya ɗau kofi, sau biyun kuma ƙwallo ta ce ba ta san zancen ba.

Masu ƙididdiga sun cika takardunsu da sunan Federer. Mai zana suna a jikin kofi bai nemi shawararsu ba.