Shawara ga Ɗan Mubi Mai Niyyar Zuwa Su Ranar Iska

Allah ya ba Mubi duwatsu, ya ba ta kasuwar shanu da ake labarinta har Kamaru da Chadi, amma bai ba ta babban tafki ba. Kogin Yedzaram da ya ratsa garin, da damina ya yi ta ruri yana cin gaɓa, da rani kuma ya kwanta ya koma yashi. Don haka ɗan Mubi da sha'awar su ta kama, sai ya yi sammakon tasha, ya bi ta Mararraba, Hong, Gombi, Song da Girei, tafiyar kimanin kilomita 200, ya haye gadar Binuwai ya sauka Jimeta, inda tafkin Geriyo yake. Mai rarar kuɗin mota yana iya zarcewa madatsar Kiri a kan kogin Gongola, can wajen Shelleng, wadda aka kammala a 1982 don shayar da raken kamfanin sukari na Savannah. Mai takardun ƙetare iyaka kuwa, ga madatsar Lagdo nan kusa da Garwa.

Duk inda ka zaɓa, ɗan'uwa, akwai kaya guda da za ka sauke a bakin ruwa kafin ka taka kwale-kwale: girmanka. Na sani, a Mubi kallo ɗaya kake yi wa bijimi ka faɗi kuɗinsa, ko kuwa kai ne malamin da ɗaliban Poli ke natsuwa in ya shigo aji. Madalla. Amma yaron nan mai guntun wando da ke kwance igiyar jirgi ya san inda zurfi yake, ya san inda kututture ya ɓuya, ya san take-taken iska tun ba ta iso ba. In ya ce, "Alhaji, zauna," to zauna. In ubangidansa ya dubi sama ya ce, "Ranka ya daɗe, yau ba shiga," ka ce, "To Baba, Allah ya kai mu gobe," ka nemi teburin mai shayi. Kada ka kawo masa lissafin kuɗin motar da ka kashe, kada kuma ka ƙara masa wani abu don ya sake shawara. Talauci na iya sa shi karɓa, amma iska ba ta da kaso a cikin kuɗin.

Iskar iri biyu ce. Ta hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daga arewa maso gabas take busowa ɗauke da ƙurar hamada. Da asuba takan yi lamo, tafki ya kwanta luf, sai hantsi ya dubi ludayi ta farka. Shi ya sa masunta ke shiga tun duku-duku. Shi ya sa kuma baƙon da ya tsaya shan kunu da ƙosai har ƙarfe goma yake karo da su suna fitowa, har ya ce a ransa mutanen nan ragwaye ne. Ga wani abin lura: gaɓar da iska ke tasowa daga wajenta takan yi lafiya lau, domin igiyar ruwa sai ta yi tafiya take girma. Sai ka tashi a ruwa kwance, iska na tura ka daga baya kana jin daɗi, ka yi nisa ka tarar da tafkin ya sake hali, komowa kuma ta zama kokawa gaba da gaba. In hazo ya sauka a kan haka, bishiyar da ka yi alama da ita ta ɓace, a tambayi gabas kowa a jirgi ya nuna tasa.

Yanzu batun sutura, kuma a nan roƙo nake: ka bar babbar riga a gida. An ce iska na wahalar da mai kayan kara, to mai malum-malum a tsakiyar tafki ya fi shi shan wuya. Iska za ta shiga ta hannun dama, ta cika rigar fam kamar lema, ta nemi mafita ta wuya ta rasa, sai ta yanke shawarar tafiya da mai rigar gaba ɗaya. In kuma aka faɗa ruwa, shaddar nan ta sha ta ƙoshi ta naɗe ƙafafu, ko gwanin iyo sai ya gane kurensa. 'Yar shara da wando mara nauyi sun wadatar. Hula kuwa, cusa ta aljihu. Zanna bukar ɗin da aka yi makonni ana ɗinkawa, iskar Geriyo ƙiftawa da bismillah take ɗauke ta. Ita asarar hular mai sauƙi ce. Abin tsoro shi ne zumbur ɗin da mai ita zai yi, ya miƙa hannu yana "Hulata! Hulata!", nauyinsa duka ya koma gefe guda, mutum biyar su bi hula ɗaya cikin ruwa. In ta tashi, bi ta da ido kawai. Sau da yawa tana nan tana yawo a sama, matuƙi ya kamo maka ita da filafili, ka shanya.

Shiga jirgi ɗaya bayan ɗaya ake yi, a sunkuye, ƙafa a tsakiya, hannu biyu a gefe biyu. Ka gama gaisuwarka tukuna. Wanda ya sa ƙafa ɗaya a jirgi ɗaya a tudu ya tsaya tambayar iyali da gajiya, jirgi zai yi ta ja da baya sannu a hankali, ƙafafunsa na rabuwa, har ya kai inda ba gaba ba baya, sai taɓo. In ka zauna, ka zauna ke nan, ba musayar wuri da aboki don rana ta dame ka. Waya a ƙulle ta cikin leda. Hoton da za ka tura wa 'yan majalisa ta WhatsApp, a bakin gaɓa ma ruwa na fitowa a cikinsa.

In fatsa za ka yi, juya wa iska baya sannan ka jefa. Wanda ya jefa ƙugiya cikin fuskar iska, dawo masa da ita za ta yi, kuma ba ta zaɓe: kunnen aboki, wuyan riga, wandon matuƙi, duk ɗaya ne a wurinta. Ƙugiya na da ƙayar baya, in ta shige nama kada a fizga. A yanke zaren, a rufe wurin, a nufi asibiti a cire, a yi allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Ragar birgi kuwa, bar wa masu ita. Masuncin da ka gani tsaye a goshin jirgi, ya murɗa ƙugu ragar ta buɗe da'ira ta sauka, tun yana yaro yake wannan murɗawa. Baƙo in ya gwada ranar iska, dalmar bakin raga ta doki gwiwarsa, ragar ta dawo ta lulluɓe shi, shi ne kamun farko na ranar, daga ƙasa kuma kifi na ganinka mai jar koma. Bayan dariya akwai haɗari: a wuyan hannu ake ɗaura igiyarta, in raga ta sarƙe da kututture alhali iska na jan jirgi, kai za a fizgo.

In an yi sa'a kifi ya shigo, tambayi sunansa kafin ka kai hannu. Karfasa ba ta da rigima sosai. Tarwada santsi gare ta da taurin rai, za ta yi ta zagaya ƙafafunku har a kai gaɓa. Kurungu yana fitowa yana gurnani, ƙayoyinsa uku a miƙe a kulle, masu haƙoran zarto, don haka kada ka taka shi, kuma don Allah duba wurin zamanka kafin ka gyara zama. Sai minjirya, mai taushin jiki, mai ƙiba, abar tausayi a ido. Taɓa ta, ta ba ka wutar lantarki kyauta, ba mita ba takardar biya. Wutar takan wuce, tsallen da za ka yi ne ke kifar da jirgi.

Kana son aikin yi? Ɗauki ƙwarya ko yankakkiyar jarka ka yi ta kwarfe ruwa. Aiki ne mai daraja, domin ruwan da ya taru a cikin jirgi gudu yake zuwa duk gefen da aka karkata, ya ƙara karkatar da shi. Tuƙi kuma na matuƙi ne. In ka ga ya sa goshin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa maimakon ya miƙe zuwa inda kuka bar takalma, kada ka nuna masa gajeriyar hanya. Gudun kada ta buge ku a haƙarƙari yake yi.

Iska ta biyu ita ce ta hadari, kuma a kanta raha ta tsaya. A farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, da kuma ƙarshenta, gabas kan yi baƙi ƙirin, wata iska mai sanyi ta riga ruwan sama isowa, cikin 'yan mintoci tafki ya hautsine. Ga tsawa, mutumin da ke tsakiyar ruwa kuwa babu abin da ya fi shi tsawo a wurin. Da ganin gabas ta haɗa, a juya, ko da kifi na cin ƙugiya. A Satumban 2023, cikin 'yan kwanaki, jirgi ya kife a tafkin Njuwa na Yola, wani ya kife a Gurin ta ƙaramar hukumar Fufore, aka rasa rayuka. A Nuwamban 2021, a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, jirgi ya nutse da ɗaliban Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Maulidi. Dalilan da ake ji bayan irin wannan musiba kusan kullum guda ne: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiya cikin duhu ko cikin iska, ga babu rigar kariya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta sa rigar, ta kuma hana tafiyar dare. Ka nemi rigar, ka sa, ka ɗaure igiyoyinta, ko da 'yan bakin gaɓa za su ce Alhaji ya ji tsoro. Ka ji ɗin, kuma daidai ne. In babu ita sam, raina bai so ka shiga ba. Ko masu shiga dole, don abincinsu a ruwa yake, su ajiye jarka mai lita 20, wofi, a rufe gam, kusa da hannu, tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa. Yaro kuwa, ranar iska, wurinsa tudu.

In ƙaddara ta faɗa jirgi ya kife, riƙe shi. Na katako yawanci ba ya nutsewa nan take, kuma daga nesa an fi hango jirgi a kan hango kan mutum. Gaɓa ta fi yadda ido ke nuna maka nisa. Takalmi, jaka, kifi, bar su duka su tafi. Wanda ya zo ceto kada ka shaƙe shi, kama abin da ya miƙo maka.

Mai zuwa Kiri ya ƙara da wannan: akwai dorina. In ka hango kunnuwa biyu ƙanana da hanci a saman ruwa, matuƙi kuma ya yi tsit ya sake hanya, kai ma yi tsit. Ba lokacin ciro waya ba ne.

Saura komawa gida. Mai yiwuwa ne ka fito da kurungu biyu da jiƙaƙƙen wando, alhali ka yi wa mutanen gida alkawarin giwan ruwa. Ba abin kunya ba ne, ga masu sayar da kifi nan a bakin gaɓa, cinikinka ma taimako ne ga iyalan wanda ya fito da kai lafiya. Banda za ka saya, don ɗanyen kifi ba zai jure zafin mota daga Jimeta zuwa Mubi ba, in ma ya jure, fasinjoji ba za su jure ba, tun kafin Gombi za a fara waige-waige. Sai dai ka shirya amsa, domin uwargida na buɗe kwalin za ta dube ka ta ce, "Maigida, a bandare ka kamo su?" Faɗa mata gaskiya, iska ce ta hana, saye ka yi, ta ɗora tukunya. A majalisa kuma, in an zo nuna girman wanda ya kuɓuce, ka buɗe hannuwanka daidai misali, don akwai waɗanda suka ga faɗin kwalin da aka sauke maka a tasha.