Rukunan Masu Renon Furen Tsauni a Birtaniya

Gentiana acaulis tsiro ne na tsaunukan Turai, irin su Alps, wanda ba ya tashi sama sai dai ya shimfiɗu a ƙasa, yana shekara da shekaru ba a sake shuka shi ba, yana kuma fitar da shuɗin fure mai siffar kakaki. A Birtaniya ana renonsa a lambun duwatsu, wato filin da aka jera wa duwatsu da tsakuwa don kwaikwayon tsauni, kuma ya yi ƙaurin suna wajen cika wani lambu da fure ya hana na maƙwabci ko ƙwara ɗaya, lamarin da ya raba masu renonsa gida huɗu.

Na farko shi ne Mai Tausayi, wanda ba ya rabuwa da butar ban-ruwa ko da ana tsuga ruwan sama, alhali ruwan da ya kwanta a gindin tsiron shi ke ruɓar da saiwarsa. Idan tsiron ya yi yaushi sai ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara masa.

Na biyu shi ne Masani, wanda galibi ɗan ƙungiyar Alpine Garden Society ne da aka kafa a 1929, kuma yana iya tsare baƙo har abinci ya huce yana bayyana masa cewa acaulis na da ɗigon kore a maƙogwaron furensa kuma ya fi son ƙasa marar farar ƙasa, saɓanin ɗan'uwansa clusii. Allunan sunayen Latin sun fi tsirrai yawa a lambunsa, domin tsiro na mutuwa amma allo ba ya mutuwa.

Na uku shi ne Mai Ƙaura, wanda ke tumɓuke tsiron duk shekara don nema masa wurin da ya fi dacewa, ba tare da ya taɓa zargin cewa tumɓukewar ce ke hana shi kafuwa ba.

Na huɗu, wanda sauran ukun suka haɗu a kan ƙinsa, shi ne Malalaci, wanda ya karɓi ɗan yankin tsiron daga gwaggonsa, ya cusa shi a bakin hanya inda rana ke bugawa kuma ruwa ba ya kwanciya, yana taka shi in zai fita, bai ma san sunansa ba. Kowace shekara lambunsa ne ke cika da shuɗin fure, kuma idan Masani ya haɗiye girman kai ya tambaye shi sirrin, amsarsa ita ce bai lura ba.