Ka Ce Tsohon Jirgi Akwatin Gawa Ne?

To, malam na Tudun Wada, gyara zama, ka ajiye kofin shayin nan kada ka ƙware. Yau zancen jirgin sama za mu yi, kuma ba irin farin nan mai santsi da ke sauka a filin jirgin Lawanti ba. Tsoho nake nufi, mai kujera biyu, mai farfela a hanci, wanda in an tayar da shi sai ya yi tari, ya yi kaki, ya turnuƙe wuri da hayaƙi kafin ya yarda ya kama aiki. Irin wanda aka ƙera don koyar da tuƙi da wasan alkafura a sararin samaniya. Na ga ka taɓe baki tun ban je ko'ina ba.

Ka ce akwatin gawa ne? Subhanallahi! Kai da shekaranjiya yara suka turo motarka tun daga Tashar Dukku, kana ciki kana ce musu su ƙara ƙarfi, kai ne yau kake yi wa injin wani ta'aziyya? Bari in gabatar maka da dattijon. Amurkawa na kiransa T-6 Texan, mutanen Ingila suna ce masa Harvard. Kakansa ya fara tashi a 1935, kuma an ƙera fiye da 15,000. Dubban matuƙan yaƙin duniya na biyu a kansa suka koyi sana'a. Sojan saman Afirka ta Kudu ba su sallame shi ba sai 1995, saura shekara guda a yanke wa jihar Gombe cibiya. Ritayar ma ta baka ce: a wajen Johannesburg akwai 'yan wasan Flying Lions da ke jera irinsa guda huɗu suna alkafura, fiffike na neman taɓa fiffike.

Abin da ke hancinsa shi ya tara mu. Ka san silindar Boxer ta ɗan acaɓa, mai tsaga-tsagan nan da iska ke ratsawa ta sanyaya ta? To kumbura ta har ta haɗiye irinta ashirin da huɗu, ka samo guda tara, ka jera su a da'ira, kawuna a waje, ƙafafu a tsakiya. Ka sami injin Wasp na kamfanin Pratt & Whitney ke nan, cikinsa lita 22, ƙarfin doki 600. Fistin taran nan duk hannu ɗaya na karanshaf suke murzawa. Kwanrod guda ne uba, shi ke riƙe da karanshaf, sauran takwas a jikinsa aka maƙala su.

Ka ce ina lagireto? Babu. Ka ce ai zai tafasa? Me zai tafasa, malam, alhali ba ruwa? Abin da ya sa sojan ruwan Amurka suka rungumi irin wannan inji ke nan: ba tiyon da zai fashe, ba ruwan da zai tsiyaye mutum na tsakiyar teku, ga nauyi ya ragu. A 1927 Charles Lindbergh ya tashi daga New York bai sauka ba sai Paris, awa 33 da rabi, da inji ɗaya tal mai silinda tara, ƙirar Wright. Kai daga Gombe zuwa Bauchi sau nawa kake tsayawa neman ruwa a jarka?

Ka ce me ya sa tara, ko maƙerin ya ƙirga ne ya manta ɗaya? Kowace silinda sau ɗaya take cin wuta a zagaye biyu na karanshaf. Don bugun ya tafi daidai sai wutar ta riƙa tsallake ɗaya: 1, 3, 5, 7, 9, ta zagayo 2, 4, 6, 8, ta koma 1. Ɗauki tsinke ka zana takwas a ƙasa ka gwada. Za ka yi 1, 3, 5, 7, ka tsinci kanka a 1, rabin silindojin na zaune suna kallon ikon Allah. Na ji ka, na ji ka! Ka ce jirgin DC-3 goma sha huɗu gare shi a kowane inji. Sannu, shehin malami. Layi biyu ne na bakwai-bakwai. Zauna.

Ka ce to ina ruwan Arewa da kayan tarihin Turawa? Ai da ka ambaci DC-3 ka riga ka ba kanka amsa, don yana cikin jiragen da Nigeria Airways ta gada a 1958 ta fara jigila da su. Koma baya kaɗan. Daga 1940 ana kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su taso Legas, su yada zango a Kano, su wuce Maiduguri, su bi ta Chadi da Sudan har Masar. Fiye da 5,000 suka bi wannan hanya, kuma sau da yawa mai ja musu gora jirgin Blenheim ne, injinsa biyu, kowane silinda tara a da'ira. Wato Barebari sun riga ka jin wannan ƙara, kuma in kai Bafulatanin Gombe ne, ka san ba za su bari maganar ta kwanta ba. Shi kansa Harvard ɗin ya shigo tarihinmu ta mummunar ƙofa: a ƙarshen 1969 Biyafara ta samo guda huɗu, tsofaffin na sojan Faransa, matuƙa 'yan Fotugal suka yi ta kai hari da su har yaƙin ya ƙare a Janairun 1970. Allah kada ya maimaita mana.

Ka ce amma ga shi nan yana ɗigar da baƙin mai, alamar ya gama yawo? Masu shi cewa suke yi, ran da ka ga ya daina ɗiga, leƙa tanki, man ne ya ƙare. Sai dai a nan ka taɓo inda ke da ƙaiƙayi, ko da yake da ka ka faɗo. Tunda silindoji a da'ira suke, dole wasu su kwana kai a ƙasa, ta 5 da ta 6. In jirgi ya kwana, mai yakan silalo ta gefen ringi ya taru a kawunansu. Fistin kuwa iska ya saba matsewa. Mai ba ya matsuwa, ko da wa ka zo. In ka yi irin taka, ka faɗa kujera ka danna kik, fistin zai taho a guje ya tarar an tare hanya, kwanrod ya lanƙwashe. In da sauran kwananka, ya karye nan take a ƙasa, aljihu ya yi kuka. In ba haka ba, ya ɗan tanƙware kaɗan, ya yi gum da bakinsa, sai kun yi nisa a sama ya tuna da kai.

Shi ya sa da safe za ka ga mutum ya fara leƙa ciki ya tabbatar maganeto, mai ba fulogi wuta, a kashe yake. Sannan ya zo gaba ya dafa fiffiken farfela da tafin hannu, ya tura shi a hankali ta inda ya saba juyawa, ya tarbi na biyun, yana ƙirgawa, yana sauraro da hannunsa. Duk silindar da ta zo wucewa sai ta ɗan turje, ta yi ajiyar zuciya, ta sake. In ya ji ta cije ƙam, magana ta ƙare. Ba a dannawa da ƙarfi. Ba a kuma mayarwa baya, don hakan tura man yake cikin bututun shaƙar iska, ya laɓe a can, ya dawo daidai lokacin da inji ya kama. Sai a kwance fulogin ƙasa, a tara gwangwani, a jira ya tsiyaye. Duk wannan yana yi ne yana kaffa-kaffa da jikinsa, don maganeto ba ruwansa da batir: waya ɗaya ta tsinke, turin hannu ma ya isa ya tayar da doki 600 a gaban hancinka.

Sannan a ɗan ɗura fetur, a daka tsawa kowa ya kauce, a danna. Silinda ɗaya ta amsa, biyu su yi gardama, hayaƙi ya tashi, man daren jiya ne ke ƙonewa, can sai taran su haɗa baki. Idon matuƙi na kan agogon mai. In allura ba ta motsa cikin daƙiƙa 30 ba, kashewa zai yi. Daga nan sai zaman jira har man ya kai digiri 40. Ka ce a Gombe ai rana ta riga ta yi wannan aikin? A watan Afrilu da azahar, na ba ka wannan, ka ci. Amma kada ka yi rawa, zafin namu ba masoyinsa ba ne. Injin da iska ke sanyayawa in ya daɗe a tsaye yana aiki kansa gasuwa yake, iska mai zafi ba ta da kauri sai jirgi ya ci dogon fili kafin ya ɗaga, ƙurar hunturu kuwa in ta shiga ciki ringi take ci.

Ka ce bakanikanmu na nan unguwa da sifana biyu za su gama da shi? Ban raina su ba, wallahi. Mutumin da ke kara kunne a jikin inji ya gaya maka bawul ɗin da ke kuka, hannunsa zai faɗa wa wannan da wuri, tunda babu kwamfuta a cikinsa ko ta magani. Tsohon doki sai mai sani. Abin da zai sha masa kai takarda ce. Kowace awa da injin ya yi a rubuce take. Kowane noti da gwargwadon ɗaurinsa, da sifana mai awo ake ɗaure shi, ba da "ya isa haka" ba. In an juye mai sai an bincika matata ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, maganeto ma biyu, kuma kafin kowane tashi sai an kashe ɗaya an ji yadda ɗayan ke yi shi kaɗai. In awoyinsa suka cika, dubu da ɗoriya, sauke shi za a yi a yi masa garambawul ko da muryarsa ta fi ta zabiya daɗi, mai lasisi ya sa hannu da sunansa. Kalmar nan taka ta "a yi maneji zuwa ƙarshen wata" ba ta da gurbi a littafin.

Ka ce ka ga hoto, su ma da waya suke ɗaure kayansu, to me ya raba mu? Kai, malam, ka ji tsoron Allah! Su noti suke ɗaurewa, sannan su zura masa waya su murɗe don kada girgiza ta kwance shi. Kai notin ne ya faɗi tun bara, wayar ta gaje shi.

Ka ce kayan gyara fa, tunda an daina ƙera injin? An daina tun 1960, bayan an yi kusan 35,000. Amma shekara da shekaru a jihar Oklahoma kamfanin Covington ya yi ta kwance su ƙwaya-ƙwaya yana mayar da su sabbi, don jiragen feshin gona ma sun daɗe suna aiki da su. Sai ka ga jirgin da aka ƙera a 1943 ɗauke da injin da ya fito daga garambawul bara.

Ka ce ka gani a waya, matuƙin na tafiya a karkace a ƙasa kamar ya sha wani abu? Ruwa ma bai sha ba. Ƙaramar tayarsa a wutsiya take, hanci ya ɗaga sama, ga ƙaton inji ya tare gaba. Dole ya karkata hagu ya leƙa, ya karkata dama ya leƙa. Wajen sauka kuma nauyinsa na bayan manyan tayoyi, saboda haka wutsiya kullum neman wuce hanci take. Ka yi sakaci da ƙafa na ƙiftawar ido, ya wulwula da kai a tsakiyar fili, fiffike ya daki ƙasa, jama'a na kallo. Ba na ɓoye maka, ya kunyata manya, ya kuma yi ajalin wasu. Don haka ɗin ne ma aka mai da shi malami: ɗalibin da ya iya da shi, jirgin yaƙi ba zai ba shi mamaki ba. Su ɗaliban Zariya, a kwalejin koyon tuƙin jirgi da aka kafa a 1964, yanzu da masu taya a hanci suke koyo, masu haƙuri. A ganina sun huta, amma sun yi asarar wani irin duka mai sa karatu ya zauna.

Na Rasha kuwa nasa salon daban. Yak-52, wanda ya fara tashi a 1976 aka yi ta ƙera shi a Romaniya, silinda tara ne shi ma, doki 360, amma da iska ake tayar da shi. Birki iska, naɗe tayoyi iska. Tulun iskar ya tsiyaye, kun kwana a nan. Ka ce sai a kira mai faci? Kira shi. Tulun nan matsin da yake so ya ninka na tayar motarka wajen sau ashirin, injin mai faci sai dai ya yi masa fifita. Shi wannan an yi shi ne don koyar da tuƙi da alkafura, yana tafiya a kife, yana jure juyin da zai ninka nauyin jikinka sau bakwai. Kai mai kilo 70 ka koma 490, da tuwon daren jiya a ciki. Harvard bai son daɗewa a kife, fetur da mai guje wa injinsa suke yi.

Ka ce man jirgi ai wani tsafi ne? Manyan nan da ke sauka Lawanti kananzir suke sha, tataccen gaske dai, amma kananzir. Dattijonmu fetur yake sha, na jirgi, mai launin shuɗi, fiye da lita 100 a awa guda, ban da baƙin man da yake lasa a hanya. Ka ce to wannan ai wasan masu kuɗi ne? Yauwa! Sai yanzu ka faɗi gaskiya, bayan ka gama wahalar da ni.

Ka ce duk da haka a kawo guda Lawanti ka gwada? Madalla da jarumi. Kujerar gaba ta ɗalibi ce, taka ce. Amma sabon shiga ba daga kujera yake farawa ba. Ga tsumma, ga bokiti, cikin jirgin daga hanci har wutsiya mai ne, kuma a rigingine ake goge shi. Ka taho da farar shaddarka ta Juma'a.