Karen Ƙarfe da Idon Inna

A 1999 kamfanin Sony ya fito da Aibo, karen ƙarfe. Mutanen Japan suka shaƙu da shi, har jana'iza ake yi masa a ɗakin ibadar Buddha in ya lalace. Wai yana da hali.

Mu a Mai Wurno, kusa da Sinnar, ba mu jira Japan ba. Injin ban-ruwan Baffa tuni sunansa Sarkin Fushi, sai an lallashe shi yake tashi. Da za a kawo wa Inna mutum-mutumi, kafin la'asar ta gama karance shi: in ya yi shiru, mai kunya ne; in ya cika amsa, ba tarbiyya; in ya ƙi shayi kuwa, to girman kan 'yan Khartum ne.