Murfin Inji Da Mashawartan Unguwarmu

Peugeot 504 ɗin da na gada wajen Baba haɗin Kaduna ce, daga masana'antar nan da ta fara harhaɗa motoci a 1975. Ba ta tsoron rami, ba ta gajiya da lodi. Aibinta ɗaya ne: duk inda ta kwana sai ta bar shaida da baƙin mai, har mai shagon layinmu ya fara roƙona don girman Allah in riƙa matsawa da ita gaba kaɗan.

Wurin yoyon ba ɓoyayye ba ne, bakin murfin saman inji ne. Injin 504 a kishingiɗe yake, ya karkata da digiri 45, saboda haka man yakan taru a gefen ƙasa yana laluben ƙofa. Na sayo sabon gaskit a Ƙofar Ruwa, na buɗe bonet a ƙofar gida. A unguwarmu kuwa buɗe bonet daidai yake da shelar walima.

Malam na farko, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, ya ce maganin yoyo gam ne. Aka shafa sama da ƙasa har ya riƙa tsattsafowa. Maƙwabcina, tsohon direban tirela, ya karɓe sifana ya ce, "Yaro, noti ba a yi masa ladabi." Ya dafa taya da ƙafa ɗaya, ya ɗaure har jijiyar wuyansa ta tashi. Kowa ya ce Masha Allah.

Da can ɗiga take yi. Bayan gyara sai ta koma zuba. Mashawarta suka sake zama, suka yanke cewa gam ne bai isa ba.

Ranar Asabar aka sa ni cikin ayarin ɗaukar amarya. Gwaggo na gaba, 'yan mata sun cika baya suna guɗa. Muna shiga cunkoso man ya sauka kan salansa mai zafi, hayaƙi ya turnuƙe ta gefen bonet. Gwaggo, wadda ta shekara tana kukan ciwon gwiwa, ita ta riga kowa dira, tana salati. Wani mai shayi ya sheƙo da bokitin wanke kofuna, rabi a kan mota, rabi a kan sabuwar shaddata.

Wani tsohon bakanike ne ya cece ni. Ya cire murfin, ya ɗora shi kan faffaɗan gilashi, sai ga shi yana rawa.

"Alhaji, wa ya ɗaure wannan?"

"Baba, jama'a ne."

Ya nuna mini yadda siririn ƙarfen ya lotsa wajen notuna, bakinsa ya karkace, gaskit ɗin ya mitsitsike ya zame waje. Ya aza shi kan katako, ya miƙe shi da ƙaramar guduma. Ya kankare gam kaf, yana mitar cewa ɓarɓashinsa kan faɗa cikin inji ya toshe rariyar famfon mai. Ya wanke bakin da fetur, ya bar shi ya bushe ƙarau, ya canza robobin ramukan fulogi. Tiyon da inji ke fitar da iska ma a toshe yake, in ji shi, kuma iskar da ta rasa hanya ita ke turo man waje. Da ya zo ɗauri, yatsu biyu kawai ya sa a sifana, kaɗan nan, kaɗan can, yana zagayawa. Bayan inji ya yi zafi ya huce, ya sake taɓa kowane noti sau ɗaya.

Ko ɗigo ba ta ƙara yi ba. Maƙwabcina har yau cewa yake tsohon bai ɗaure ba, sa'a ce kawai. Wanda ke buƙatar gam ya zo gidana, akwai ragowa da yawa, kyauta.