Injin Wanki Mai Lulluɓi

A da, idan 'yan ganin ɗaki suka shiga gidan amarya a Bauchi, abin da suke ƙirgawa sananne ne: gado, katifa, kujeru, sai jeren kwalla da tangaran. Daga baya firji ya shigo, talabijin ta biyo shi, aka koma auna arzikin uban amarya da faɗin allon da ke maƙale a bango. To yanzu an yi sabon baƙo. Tun kafin a tambayi lafiyar amarya za ka ji wata gwaggo ta sassauta murya tana cewa, "Ni kam ban ga injin wanki ba, ko yana kicin ne?" In aka ce babu, sai ta ce, "Allah sarki." Wannan "Allah sarki" ɗin, in an furta shi a Fadaman Mada da la'asar, kafin magariba ya isa Yelwa, ya ratsa Gwallameji, ya dawo Jahun da ƙarin gishiri.

Shi ya sa uban amarya, bawan Allah, wanda albashinsa ke ƙarewa tun wata bai raba ba, dole ya shiga neman inji. Kuskurensa na farko shi ne kai maganar majalisa. A majalisar bayan isha'i kuwa babu wanda bai san injin wanki ba. Mutumin da rabonsa da wanke ko hankici tun yana makarantar kwana, shi ne zai gyara zama ya yi maka lacca. Wannan ya ce LG ko a fasa auren. Wancan ya ce ai Samsung ma ɗan Koriya ne, kuma ya fi shi kyan fuska. Wani ya ce ku bar raina kayan Sin, Hisense da Midea sun cika gidajen mutane. Dattijon cikinsu, wanda firjinsa na Thermocool ya aurar da 'ya'ya huɗu, ba ya son jin wani suna daban. Can gefe kuma akwai ɗan ɗariƙar Beljiyam, mai aƙidar cewa duk wani sabon kaya yaudara ne. Hujjarsa ita ce, "Injin da ya yi wa Bature aiki shekara goma bai mutu ba, kai ne zai mutu a hannunka?" Ba ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa dalilin da ya sa Baturen ya fitar da shi waje.

Daga nan sai kasuwa. Ko shagunan kayan lantarki na wajen Wunti ka nufa, ko na titin Ahmadu Bello, karatun ɗaya ne. Mai shago zai fara da duba takalminka da makullin da ke hannunka, in ya ga na mota ne sai ya wuce da kai can ciki inda manyan suke. Ya daki saman injin da tafin hannu, ya ce, "Alhaji, wannan sai dai ka gaji da shi." Ka tambayi garanti, ya ce, "Garanti ai na Allah ne, amma kamfani ma ya ba da nasa." Ka ce in ya lalace fa, ya ce, "Haba Alhaji, daina yi wa kayanka mugun baki." Sannan ya nuna maka madannai reras, kowanne da aikinsa a rubuce da Turanci: na ulu, na siliki, na kayan motsa jiki, na rigunan sanyin ƙanƙara. Ka duba sama da ƙasa, babu na shadda, babu na zanen goyo, babu na wandon ɗan firamare da ya wuni yana ƙwallo a jar ƙasa. Amma da yake injin na kiɗa in ya gama aiki, sai Alhaji ya ji ransa ya kwanta.

Injinan nan dai kashi uku ne. Akwai mai baki biyu, na roba, mara kyan gani: ka zuba masa ruwa da bokiti, ka murɗa, ya wanke a baki ɗaya, ka kwashe da hannunka ka mayar ɗaya bakin ya matse. Akwai mai buɗewa ta sama wanda yake jan ruwa da kansa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse. Sai kuma sarkinsu, mai ƙofar gilashi a gaba, wanda ake gani a finafinai. Na farkon shi ne mafi arha, shi ne kuma wanda babu amaryar da ke so, domin ba ya ɗaukar hoto. Na ukun shi kowa ke hari, alhali shi ne ya fi kowa sharuɗɗa.

Sharaɗinsa na farko wuta. Mu dai har gobe NEPA muke cewa, duk da an sauya mata suna tun 2005, an kuma sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013, Bauchi ta faɗa hannun JED mai hedikwata a Jos tare da Filato da Gombe da Binuwai. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa sharaɗin samun awa 20 a rana, daga baya aka ɗan sassauta. Sauran jama'a kuwa suna nan a rukunin "in ta zo, an gode." A Oktoban shekarar ma, lokacin da manyan layukan wuta suka samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun haura mako a duhu, ba Band A ba Band komai. Shi kuwa mai ƙofar gilashi, wanki ɗaya yakan ci masa awa guda ko fiye, kuma wasu daga cikinsu in aka ɗauke wuta suna tsakiyar aiki, ƙofa ta rufu ke nan sai ta dawo.

Wani maƙwabcinmu ya ɗanɗana wannan ranar wata Juma'a. Uwargida ta saka farar jallabiyarsa da hantsi, da niyyar kafin azahar ta bushe an goge. Inji ya sha ruwa, ya yi kumfa, ya juya hagu ya juya dama, sai ɗif. Ga jallabiya can ana hango ta ta gilashi, kwance cikin kumfa, hannunta ɗaya manne da ƙofa. Yara suka durƙusa a gaban injin suna kallo. Maigida ya ja ƙofa, ya daki saman injin yadda ya ga mai shago ya yi, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ƙarshe da tsohuwar rigar Sallar bara ya tafi masallaci, wadda maɓallin wuyanta ya daina shiga. Sai daren Asabar aka yi belin jallabiya, tana tsami.

Sharaɗi na biyu ruwa. Garin Bauchi daga madatsar Gubi yake shan ruwan famfo, kuma kowace unguwa ta san ranakunta da lokutanta. Inda famfo bai kai ba, ko ya kai ya yi shiru, sai rijiya da burtsatse da 'yan garuwa masu tura kura. To inji mai sarrafa kansa ba ya karɓar ruwan jarka. Shi sai ruwa mai ƙarfi ta bututu, in babu ya tsaya yana ƙyafta fitila yana kuka. Ke nan sai an ɗora tanki a sama. Tanki na buƙatar injin tura ruwa. Injin tura ruwa na buƙatar wuta. Wutar kuma in ta zo wani lokaci da rauni take zuwa, wani lokaci da hauka, don haka sai an sayi sitabilaiza, in ba haka ba ƙwaƙwalwar injin ta ƙone, mai gyara ya ce sai an aiko da ita daga Legas. In an gaji da jira a ce a tayar da janareta, sai a tarar ƙaramin da ke gidan ba zai iya ɗaukar inji mai dafa ruwa ba, wanda yakan ja wat 2,000. A sayi babba. Babban kuma fetur yake sha, fetur ɗin da tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, sai mutum ya yi shawara da aljihunsa kafin ya tunkari gidan mai. Mutum ya fita sayen abin da zai wanke masa riga, ya dawo ya kafa ma'aikata.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan injin busar da kaya. A Bauchi! Garin da a Maris da Afrilu zafi ke dosar digiri 40, garin da in ka fara shanya daga wannan bakin igiya, kafin ka kai wancan bakin na farkon ya bushe yana neman a kwashe shi. Mutanen Ingila da suke wuni cikin yayyafi, rana ta leƙo musu su fita ɗaukar hoto, su ke da uzurin sayen wannan na'ura. Mu da Allah Ya hore wa rana kyauta, babu mita babu bil, sai ga mu muna cin bashin adashe don sayen akwatin da zai ci yunit biyu zuwa uku a shanya ɗaya. Masu kare shi sukan kawo hujjar markar Agusta da ƙurar hunturu. To marka kwana nawa ce? Ƙura kuwa, ko a cikin injin ka busar da rigar, kana fitowa ƙofar gida za ta same ka ta yi maka hoda har gira. Na san gidan da aka yi shekara ba a kunna nasu ba, amma Hajiya ba ta yi nadama ba ko kaɗan. Ta ce ba ta taɓa samun ma'ajiyar garin tuwo da kilishi irinsa ba: ƙofa na rufuwa gam, ɓera ba ya shiga, yara kuma ba su taɓa tunanin dubawa ba.

Mu koma kan injin wankin da ya samu shiga ɗakin amarya. Da farko ba a cire ledarsa, ba a ɓare takardun da ke manne a jikinsa, kwalinsa ma ana adana shi a saman sif saboda tarihi. Sai a kira tela ya auna shi, ya ɗinka masa riga ta leshi mai baki da tattara, kalar labule. A ɗora masa fulawar roba da hoton biki. Wurin zamansa kuwa inda duk wanda ya shigo falo zai yi ido biyu da shi, ko da babu famfo ko magudana a kusa. Can tsakar gida, bakin rijiya, almajiri na durƙushe gaban baho yana cuɗa kayan gidan kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. In ka tambaya, sai a ce ai ana lallaɓa injin ne kada ya lalace.

A gidan da ake kunna shi ma, ba kowane kaya ke shiga ba. Shaddar maigida ba ta kusantarsa, wannan sai mai wanki da guga, a sa mata sitaci, a kai ta wurin masu bugu ta dawo tana ƙyalli tana amo. Hula sai mai wankin hula, wanda zai goge ta da burushi ya kafa ta a kan katako ta sha rana. Leshin Hajiya mai duwatsu, wa zai yi wannan ganganci? Kaka kuma ta rantse ba za ta yi salla da zanen da ba ta ga ɗaurayarsa da idonta ba, don haka duk abin da inji ya wanke sai ta sake bi da buta. In gidan mata biyu ne, nan kuma shari'a ce sabuwa. An saya wa amarya, dole a saya wa uwargida, kamfani ɗaya, girma ɗaya, kala ɗaya. In aka yi rashin sa'a na ɗaya ya fi na ɗaya daɗin kiɗa, maigida ya shiga uku.

Kada dai a ce ina gaba da injin wanki. Duk wanda ya taɓa ganin hannun matar da ke wanke kayan yara shida da zannuwan gado da labule, yatsu sun yi fari, omo ya cinye gefen farce, baya ya ƙage, ya san wannan na'ura rahama ce. Mazan da ke cewa injin wanki lalaci ne yake koya wa matan zamani, a ba su bargo ɗaya jiƙaƙƙe su matse, mu ga ƙarshen wa'azin. Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda muke zaɓen injin don idon gwaggo, mu manta da bayan matar da za ta yi aiki da shi.

In da za a bi ta tawa, mai neman inji ya ƙyale majalisa da mai shago, ya nufi rumfar mai gyara. Shi ne ya san wanda ya fi zuwa masa jinya, da wanda ake samun bel ɗinsa da kafasitarsa a nan cikin gari, da wanda in ya kwanta sai an jira motar Legas. Wanda Allah Ya hore wa tanki da burtsatse da sola mai ƙarfi, ya sayi mai ƙofar gilashi, Allah Ya sa alheri. Sauranmu kuwa, mai baki biyun nan da ake rainawa shi ne namu. Ruwan jarka yana sha, ƙaramin janareta na iya juya shi in ba a haɗa shi da firji ba, in an ɗauke wuta ka sa hannu ka kwashe kayanka, bakinsa na biyu kuma yana matse kaya har su kusa bushewa, ko a Agusta. Kuɗin injin busarwa a sayi igiya da 'yan maƙalai, canjin a biya kuɗin makaranta.

Sai dai duk wanda ya saya ya shirya wa maƙwabta. Ranar da aka ji ƙarar inji a gidanka, washegari da sassafe za ka ji sallama. Yarinya ce da ƙullin kaya a ka, ya fi ta girma: "Wai in ji Mama tana gaishe ku, wai in kun kunna a ɗan jefa mata waɗannan." Waɗannan ɗin kuwa barguna biyu ne da labulen falo da kayan makarantar yara biyar. Ba a hana maƙwabci, ba tarbiyyarmu ba ce. Amma don Allah Maman su, in za a sake aikowa, a riƙa haɗowa da omo da jarka biyu ta ruwa.