Yadda Ake Ɓata Safiya Guda Wajen Liƙa Adireshi Ɗari Uku

Kowace ƙungiya da ta san ciwon kanta, ta tsofaffin ɗalibai ce ko ta ci gaban gari ko ta ma'aikata, tana da wani fayil da sakatare ke ji da shi. A cikinsa akwai adireshin imel na mambobi, waɗanda aka tara shekara da shekaru daga takardun halartar taro da katunan 'yan kasuwa da saƙonnin waya. Aikin sakatare a duk ƙarshen wata bai wuce ya kwafo jerin ba, ya liƙa shi a gurbin masu karɓa, ya danna aika, ya tafi sallar azahar. Sai wata rana cikin dare manhajar imel ta sabunta kanta ba tare da sallama ba. Da safe a liƙa jerin nan kamar kullum, sai a ga adireshi ɗari uku sun dunƙule sun zama mutum ɗaya mai dogon suna, ko kuma rabinsu sun yi jawur, madannin aikawa ya ƙi motsi. Shawarwarin da ke tafe na wanda wannan ta faɗa wa ne, kuma yake son ya fita da mutuncinsa ko da saƙon bai fita ba, domin a aikin ofis mutunci na gaba da saƙo.

Abu na farko, kada ka kuskura ka kalli jerin. Laifi tudu ne, kuma akwai tudun mutane da yawa da za ka hango kafin ka zo kan naka: kamfanin layi, masu wutar lantarki, yaron da ya taɓa kwamfutar makon jiya, sannan Turawan da suka ƙera manhajar, waɗanda su ne suka fi daɗin zargi tunda ba za su zo su kare kansu ba. Hikimar ƙin kallon jerin ita ce, in ka kalle shi za ka ga abin da zai sa jikinka ya yi sanyi. A layi na goma sha huɗu an rubuta gmail.con maimakon gmail.com. A na ashirin da biyu akwai lambar waya manne da adireshi, ba ko tazara. Wani an rubuta "sabo" a gaban nasa, wani "bai biya ba", wani kuma Allah ya yi masa rasuwa tun bara amma har yanzu ana gayyatarsa taron wata-wata. Wani mai kishin harshe ya gyara wa Alhaji Ɗanladi adireshinsa ya sa masa ɗ mai lanƙwasa, alhali Gmail ba ya karɓar komai a sunan akwati sai baƙaƙen a zuwa z da lambobi da ɗigo. Duk wannan dattin yana nan tun kafin a sabunta komai. Tsohuwar manhajar ta kasance kamar tsohon masinjan ofis ne wanda in ka rubuta masa "gidan Alhaji bayan masallaci" zai gane ya kai, in bai gane ba ya jefar da takardar a kwata ya dawo ya ce ya kai. Sabuwar kuwa ta tsaya ne a bakin ƙofa tana neman lambar gida. Wanda ya fahimci haka ya rasa abin zargi, shi ya sa bai kamata a fahimta ba.

Abu na biyu, ka yi adalci tsakanin waƙafi da waƙafi mai ruwa, ka cakuɗa su a jerinka yadda babu wanda zai ce an nuna masa bambanci. Rikicin nan ya girmi yawancin sakatarorin yau. Tun 1982 ƙa'idar da David Crocker ya tsara wa saƙon imel ta ce waƙafi zalla ne ke raba adireshi da adireshi, kuma gyaran da aka yi mata a 2008 bai sauya wannan ba. A cikinta aikin waƙafi mai ruwa shi ne rufe rukunin sunaye, ba raba su ba. Gmail da Thunderbird sun tashi a kan waƙafi. Shi kuwa Outlook na Microsoft ya saba wa ma'aikatan duniya da waƙafi mai ruwa, kuma yana da hujjarsa: kundin adireshin manyan ofisoshi yakan fara da sunan mahaifi, ya sa waƙafi, sannan sunan yanka, don haka "Bello, Amina" mace ɗaya ce ba mutum biyu ba. Manhajar da ke raba mutane da waƙafi, in ba a killace sunan cikin alamar zance ba, sai ta tsaga Amina gida biyu, ta nemi wani Bello da ba shi da adireshi, ta yi masa jan fenti. A tsohon Outlook akwai wani ɗan akwati a cikin saitin wasiƙa, ƙarƙashin sashen aikawa, wanda in aka danna shi manhajar za ta karɓi waƙafi zalla ma. Ka nisanci wannan akwatin. Dannawa ɗaya tana iya kashe rigimar da za ta ci maka safiya, ka rasa abin faɗa a wurin cin abinci.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna da ƙarin gata a wannan fanni. Allon rubutun Faransanci ya sa waƙafi a inda na Ingilishi ya sa baƙin m, ya sa waƙafi mai ruwa a inda na Ingilishi ya sa waƙafi, don haka kwamfutar da aka sayo a Kano aka saita ta da Faransanci tana ba ka waƙafi mai ruwa duk lokacin da yatsanka ya rantse waƙafi ya danna. Excel na Faransanci shi ma yana raba bayanai da waƙafi mai ruwa, saboda waƙafi a wurinsa na lissafi ne. Ashe ke nan ƙungiyar da ke da reshe a Katsina da reshe a Maraɗi ba ta buƙatar wani ƙoƙari, jerinta yana zuwa a cakuɗe daga gida. Wanda ke rubutu da allon Larabci, a Khartoum ko N'Djamena ko a wata Islamiyya a Zariya, yana da nasa waƙafin mai kallon sama, wanda a idon kwamfuta wata alama ce dabam da ba ta raba komai.

Abu na uku, ka yarda da idonka. In jerin ya yi maka kyau a allo, to, yana da kyau. Kada ka bari wani ya ruɗe ka da zancen alamomin da ba a gani, ko da yake gaskiya yake faɗa. Adireshin da aka kwafo daga ginshiƙin Excel suna zuwa ne kowane da alamar sabon layi a bayansa, waɗanda aka kwafo daga layin kwance kuma da wata doguwar tazara. Wata manhajar ta san ta mayar da su rabuwa, wata ta haɗiye su ta liƙe sunayen. Word yakan mayar da adireshi shuɗi mai layi a ƙasa, ya ɓoye mahaɗi a bayansa, har ta kai kana gyara rubutun da kake gani amma mahaɗin na nan kan tsohon adireshin. Shafukan intanet sukan haɗo ka da wata tazara da ta yi kama da tazara sak amma ba ita ba ce. Maganin wannan duka yana nan kyauta a cikin kowace kwamfutar Windows, wato Notepad, wanda in ka fara zuba jerin a cikinsa zai tuɓe masa ado ya bar rubutu tsura, ka ga kowane adireshi a layinsa, ka gyara. Manhajoji da yawa ma in ka haɗa Ctrl da Shift da V sukan liƙa rubutu tsura kai tsaye. Excel na 2019 zuwa sama yana da TEXTJOIN, wanda na Faransanci ke kira JOINDRE.TEXTE, mai jera ginshiƙi guda cikin layi ɗaya da duk alamar rabuwar da ka zaɓa. An kawo sunayensu a nan ne don ka san abokan gabarka. Hanyar da ta dace da babban ma'aikaci ita ce ya sake liƙawa da ƙarfi, ya kashe kwamfutar ya kunna, ya sake liƙawa, sannan ya kira kowa a ofis ya zo ya gani.

Mai karatu zai ce: to amma jiya yana aiki, kuma ba ni na roƙi a sabunta ba. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Lokacin da Thunderbird ya fito da siga ta 78 a watan Yulin 2020, ya rushe tsarin da mutane suka saba da shi na mutum ɗaya a layi ɗaya, ya koma zuba kowane adireshi cikin ɗan ƙwanso, ya kuma daina karɓar tsofaffin ƙarin manhajojin da wasu suka gina aikinsu a kai. Microsoft ma ya janye tallafi daga manhajar Mail ta Windows a ƙarshen 2024, ya kora mutane zuwa sabon Outlook. Babu wanda ya tambayi sakataren da ke da takardar gayyata a hannu ko ya shirya. Kamfanin da ya sauya wa mutum hanya cikin dare, ya kuma gaza faɗa masa dalla-dalla wane adireshi ne ya lalace da abin da ya lalata shi, yana da kasonsa na laifi, kuma kaso ne babba. Sai dai "jiya yana aiki" ba ta nufin jiya saƙon yana isa. Tana nufin jiya madannin yana dannuwa. Wanda aka rubuta wa gmail.con bai taɓa samun gayyata ba tun da ya shiga ƙungiyar, ana ta yi masa kallon mai girman kai. Shaidar tana nan cikin saƙonnin nan na Turanci da ke dawowa bayan kowace aikawa suna cewa ba a samu mai akwatin ba, waɗanda sakatare na gari yake sharewa ba ya karantawa.

Abu na huɗu shi ne inda raha take ɗan ja da baya. In ka dage har jerin ya liƙu, ilhami zai ce maka ka zuba shi duka a gurbin To, kowa ya ga kowa, a san ƙungiya ta cika ta batse. A watan Satumban 2015 wani asibitin sha-ka-tafi da ke lamba 56 a titin Dean a Landan ya aika wasiƙar labarai ga mutum sama da 700 masu hulɗa da sashensa na cutar HIV, aka sa adireshinsu inda kowa ke ganin na kowa. Hukumar kare bayanan Birtaniya ta ci hukumar asibitin tarar fam 180,000 a 2016. A Satumban 2021, makonni kaɗan bayan Taliban sun karɓi Kabul, Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta yi irin wannan kuskure da adireshin 'yan Afganistan sama da 200 da ke neman a kwashe su saboda sun yi wa Birtaniya aiki, aka ci ta tarar fam 350,000 a 2023. A duka biyun babu manhajar da ta ƙi; da ma ta ƙi. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan jama'a tun watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita, kuma adireshin imel na mutum yana cikin bayanan da dokar ke nufi. Gurbin Bcc, wanda ke ɓoye masu karɓa daga juna, yana nan kusa da na To, tazararsu ba ta kai faɗin yatsa biyu ba.

Ko babu asiri a saƙon, gurbin To yana da wata albarka. Mutum ɗaya zai danna amsa wa kowa ya rubuta "Allah ya kai mu", goma su ce "amin", sai wani ya amsa wa kowa yana roƙon a daina amsa wa kowa, wani ya amsa wa kowa ya ce a cire shi. Kada ka ji kunya, manya ma sun yi: a 1997 irin wannan ta ɓarke a cikin Microsoft kansa kan wani jeri mai ma'aikata kusan 13,000, har tsarin imel na kamfanin ya durƙushe. In kuma ƙungiyarka ta bunƙasa, ka sani akwatin Gmail na kyauta yana tsayawa a wajen masu karɓa 500 a yini, ya kuma iya dakatar da kai na sa'o'i in ka ƙetare. An ƙirƙiri rukunin adireshi a cikin kundin manhaja, da irin su Google Groups, da haɗa wasiƙa ta Word mai aika wa kowa nasa saƙon dabam da sunansa a sama, duk don kada mutum ya riƙa ɗaukar adireshi ɗari uku a ka kowane wata. Illarsu ɗaya: sai an tsabtace jerin sau ɗaya kafin su karɓe shi.

Akwai masu cewa a bar imel ɗin gaba ɗaya a koma WhatsApp, inda babu waƙafi balle ruwansa. Ba laifi, sai dai zauren WhatsApp yana baje lambar wayar kowa ga kowa, takardar taron kuma za ta nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da tallan atamfa kafin la'asar, sannan ma'aikatu da jami'o'i da masu ba da tallafi har gobe imel suke tambaya.

Saboda haka, malam sakatare, in manhaja ta sake sabunta kanta, ka bi abin da aka faɗa maka: kada ka duba, ka cakuɗa, ka liƙa da ƙarfi, ka tara shaidu. In kuwa ka yi taurin kai ka buɗe Notepad, ka cire lambobin waya da "bai biya ba", ka tsayar da alamar rabuwa guda, ka zuba jerin a Bcc, ka fara gwada aika wa kanka da ma'aji, to, saƙon zai tafi kafin shayinka ya huce, kuma kai za ka nemo wa kanka wani uzurin da za ka ba shugaba ranar Litinin.